Kafin a ce an yafe: wasiƙa daga Teksas zuwa Sakkwato

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, kuma zafin bana bai matsa muku ba.

Saƙonka na daren Juma'a ne ya zaunar da ni rubutu. Ka ce mota ta buge yaron Kawu a kan kabu-kabunsa wajen Gawon Nama, an ɗinke masa goshi, kuma kafin la'asar mai motar ya zo da dattawan unguwarsu, ya biya kuɗin ɗinki da allura. Kawu ya ce, "Tsautsayi na, mun yahe duniya da lahira." A can ƙarshen saƙon ka ambata cewa har yanzu yaron ba ya iya ɗaga hannunsa na dama ya kai kansa. Wannan wurin na yi ta maimaita saurare, domin ni ma na taɓa tsayawa inda yake tsaye, sai dai ban ba ku labarin duka ba don kada hankalin Inna ya tashi.

Bara ne, a Hiyuston. Ina tsaye a danja, wani ya taho ta baya ya daki motata. Na fito, na taɓa jikina, ban ga jini ba, na yi hamdala. Mutumin ya fito da waya a hannu, ya ɗauki hoton motarsa da tawa, ya miƙo mini katin inshorarsa. Ko sannu bai ce ba. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Daga baya na gane cewa haka kamfanonin inshora ke gargaɗin mutanensu a nan, kada su furta wata kalma da za a ɗauka amsa laifi ce. Ɗan sanda ya zo ya rubuta rahotonsa, kowa ya kama gabansa.

A kwana na uku na tashi sallar asuba, na zo sallama, wuya ya ƙi juyawa. Sai da na karkata kafaɗa da ƙirji gaba ɗaya kafin na dubi dama. Yatsu biyu na hannun hagu kuma kamar ana tsira musu allura.

Asibitinsu, gaskiya, sai wanda ya gani. Tun 1986 dokar Amurka ta hana sashen gaggawa korar majinyaci don ba shi da kuɗi, saboda haka ba wanda ya ce in je in biya kati ko in sayo safar hannu kafin a duba ni. Amma kada ka ce kyauta ne. Bayan mako biyu takardu suka fara sauka: na asibiti daban, na likita daban, na wanda ya karanta hoton daban, ga na masu gashin ƙashi da na yi ta zuwa wajensu wata huɗu. Da aka haɗa, dala 11,000. A gida sai ka biya a taɓa ka, a nan kuwa sai ka fara samun sauƙi bashin ke biyo ka har ƙofa.

Kafin takardun su iso, wata mata ta kira ni daga kamfanin inshorar mutumin. Ajasta suke ce musu, wato mai kimanta ɓarna. Murya mai taushi, kamar 'yar uwa. Ta ce za ta naɗi maganarmu, sannan ta tambaye ni ya jiki. Yaya, ka san mu. Bahaushe ko yana gargarar mutuwa ka ce masa ya jiki, "da sauƙi" zai ce. Haka na ce mata, da sauƙi, mun gode Allah. Ni a wurina ladabi ne da godiya ga Ubangiji. A wurinta kuwa shaida ce ta rubuta. Wata bakwai bayan nan wannan "da sauƙi" ta dawo mini cikin takardarsu, a matsayin hujjar cewa ciwon bai kai yadda nake faɗa ba.

A wannan kiran ta yi tayin farko, dala 1,500, a aiko mini cikin mako, in sa hannu a takarda ɗaya kawai. Ina gida ba aiki, ga kuɗin haya na tahowa, na kusa karɓa. Wani dattijo ɗan Katsina da muke salla masallaci ɗaya ya ce in kawo masa takardar. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa, ya tsaya a wani layi. Ma'anarsa ita ce na sallami mutumin da kamfaninsa daga duk wani haƙƙi, wanda na sani da wanda ban sani ba, har abada. Ya ce, "Ɗana, wannan ita ce 'na yafe' tasu, kuma sau ɗaya ake yin ta. In gobe likita ya ce sai an yi maka aiki a wuya, ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa."

Shi ya kai ni wurin lauya. Lauyoyin haɗari a nan kamar dillalan kasuwar Kara suke, allunan tallarsu sun cika bakin titi. Ba ka ba su ko sisi da farko, la'ada suke ɗauka in an biya: kashi ɗaya cikin uku galibi, in magana ta kai kotu ta kan hau zuwa kashi 40 cikin 100. Lauyana ya ce mini abu uku. Kada in sake magana da matar. In adana kowace takarda, har rasit ɗin magani. Na uku, kada a fara ciniki sai likita ya ce ciwon ya kai iyakar warkewar da zai yi. Ya ce dokar Teksas ta ba mu shekara biyu daga ranar haɗari kafin ƙofar kotu ta rufe, don haka ba mu ne ke sauri ba.

Da aka sallame ni daga gashi, ya rubuta musu doguwar wasiƙa, ya jera kuɗin magani, albashin mako shida da na rasa, da wahalar da na sha, ya nemi dala 30,000. Ba wai ya ga dama ba ne. Mafi ƙarancin inshorar da doka ta tilasta wa mai mota a jihar ke nan: 30,000 ga mutum ɗaya, 60,000 ga duk waɗanda suka ji ciwo a haɗari ɗaya, 25,000 ga dukiya. Wanda ya buge ni iyakar abin da ya saya ke nan, kuma rijiya ba ta ba da ruwan da ba ta da shi.

Suka taya 9,000. Lauya ya ce albarka. Daga nan aka shiga jan zare. Suka ce ai ni na taka birki ba zato, ina da kason laifi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a nan, domin duk kason laifin da aka ɗora maka ana zabtare shi daga kuɗinka, in kuwa ya haura rabi ba ka da ko kwabo. Rahoton ɗan sanda ya kashe wannan bakin. Suka koma kan mako biyu da ban je gashi ba, lokacin da na matsa wa kaina na koma aiki, suka ce mai ciwo na gaske ba ya tsallake magani. Kowace amsa sai ta ɗauki mako uku ko wata. Jinkirin ma dabara ce, sun san mai bashi a wuya shi ke fara gajiya.

A wata na tara aka tsaya a 21,000, na ce na sallama. Kafin ka juya shi zuwa naira ka riƙe baki, ga yadda aka yanka: lauya ya ɗauki 7,000, ya roƙi masu magani suka rage nasu zuwa 8,000, kuɗin takardu 400. Abin da ya shigo hannuna 5,600, kuma mafi yawansa bashin haya ya cinye. Ban yi arziki ba, amma ba a bar ni da bashin ciwon da wani ya ja mini ba. Da na karɓi 1,500 ɗin farko, da har yau ina biya.

Abin da kuɗin bai saya mini ba shi ne mutum. Wata tara ban sake ganin wanda ya buge ni ba. Ba wanda ya aiko da kunu a fulas, ba dattijon da ya zo ya durƙusa ya ce a yi haƙuri. Darare da yawa na kwanta da wuya a sandare ina tuna tabarmin masu jinya a harabar asibitin gida, yadda ko baƙo ba ya kwana da yunwa. Saboda haka ban raina abin da mai motar nan ya yi wa Kawu ba. Ya yi halin mutanen kirki, Allah Ya saka masa.

Damuwata ita ce saurin. Ka tuna Risala da muka karanta a zauren Malam, babin jini da haddi? Yatsa raƙuma goma, haƙori biyar, rai ɗari ko dinari dubu. A nan ne kuma aka ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Ranar da lauyan nan ya ce mini in jira likita ya gama, tsigar jikina ta tashi, domin na riga na ji wannan magana a Sakkwato ina yaro, da allo a cinya. Neman haƙƙin rauni bai fitar da mutum daga tawakkali ba. Yafiya kuwa sadaka ce mai girman lada, amma mai haƙƙi ke yin ta, bayan ya san abin da yake bayarwa. Yaron nan baligi ne, da mata da ɗa, kuma da hannun nan yake murɗa totur. An tambaye shi?

Akwai kuma takardar da ke kwance a aljihun kowace mota, wadda muka ɗauka ta nuna wa jami'an hanya ce kawai. Tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta mayar da kuɗin inshorar dole na motar gida naira 15,000 daga 5,000, ta ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani zuwa miliyan 3 daga miliyan 1, kuma inshorar ta shafi rauni da rasa rai. An yi ta ne domin irin ranar yaron Kawu. Matsalar ita ce da yawa ta bogi suke saya a hannun 'yan kamasho ba su sani ba, alhali ana iya sa lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora a intanet a ga ko ta gaske ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisi a ƙasar, sai ya tambayi malaminsa.

Ga roƙona. Ka ɗauki yaron ka kai shi asibitin koyarwa ko na ƙashi da ke Wamakko a ɗauki hoton kafaɗar kafin a kai shi wurin mai ɗori, kuɗin hoton yana wuyana, zan turo gobe in Allah Ya kai mu. Kowane rasit a sa a leda ɗaya a ajiye. Sannan ka je wurin mai motar kai kaɗai, cikin mutunci, ka nuna masa ba aljihunsa ake nufi ba, takardarsa ake so a duba, in ta gaske ce ya sanar da kamfanin da wuri. Kawu kuma ka bar ni da shi, zan kira shi da kaina bayan isha'i, ba na so ya ji kamar ana tayar da maganar da ya riga ya kashe a gaban dattawa.

Ka gaishe da Inna. In ta tambayi wuyan, ka ce mata yanzu ina sallama dama da hagu, sai dai in sanyi ya shigo yakan ɗan riƙe.