Gargaɗi kan masu sayar da gidan reza na jabu a intanet

Akwai wani talla da ke yawo a shafukan sada zumunta: gidan reza irin na ƙarfe, wanda ake kwancewa a saka reza mai baki biyu a ɗaure. Za a ce maka ƙarfe ne marar tsatsa, an yi ragi mai yawa, saura guda uku, ga agogo yana ƙirga mintuna. A ƙasa kuma ga sharhin masu cewa sun gwada yau sun ji daɗi, duk bakinsu ɗaya. Kada ka yi saurin biya.

Abin da damfarar ta jingina da shi gaskiya ne, shi ya sa take ci. Duk wanda ya fara aski da irin wannan reza yakan ɗan yanke kansa kafin hannunsa ya faɗa, domin sai ya koyi karkata ta kamar digiri 30 daga fata, ya daina dannawa, ya bar nauyinta ya yi aikin. To idan ka kai kuka cewa rezar tana yanka ka, sai mai sayarwa ya ce laifin hannunka ne, ka ƙara haƙuri wata guda. Kafin watan ya cika wa'adin mayar da kaya ya wuce. Saboda haka a ranar da kayan ya iso za ka bincike shi, tun bai taɓa fuskarka ba.

Fara da zaman reza. Yawancin gidan reza kashi uku ne: hula mai sukuru a tsakiya, faranti na ƙasa, sai mariƙi. Saka sabuwar reza, ɗaure, ka ɗaga kan zuwa haske ka dube shi ta sama. Bakin rezar ya leƙo daidai wa daida a ɓangarorin biyu, kuma ya tafi a miƙe da sandar kariya, wato gefen farantin ƙasa da ke tokare fata a ƙarƙashin bakin rezar, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kwance ka sake ɗaurewa sau uku. In kowane ɗauri da irin zaman da rezar take yi, ƙusoshin da ke riƙe ta sun yi mata ƙanƙanta, tana wasa. Kaurin reza kusan milimita 0.1 ne, tazarar da ke tsakanin bakinta da sandar kariya kuwa a yawancin masu sauƙin hannu ba ta kai milimita ɗaya ba. A irin wannan ma'auni ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya sa gefe ɗaya ya ƙi cin gashi, ɗayan ya riƙa kankare fata. Alamarsa a fuska ita ce yanka da raɗaɗi suna zuwa duk lokacin da ka juya wani gefe guda. Babu ƙwarewar da za ta gyara wannan.

Sai batun ƙarfen. Abin da aka fi sayarwa da sunan marar tsatsa shi ne zamak, haɗin tutiya da alminiyom da ɗan magniziyom, wani lokaci da jan ƙarfe, wanda ake narkawa a zuba a mazubi a shafe da ruwan kurom. Zamak ba abin kunya ba ne, manyan kamfanoni irin su Merkur na Jamus sun daɗe suna aiki da shi. Ha'incin shi ne a sayar da shi a matsayin wani abu, da kuma shafe mai ɗan siriri. Da zarar kurom ya tsage a tiredin sukuru, ruwa ya shiga, ƙarfen ya fara rubewa daga ciki, wata rana kana ɗaurewa sukurun ya ɓalle a hannunka. Juya farantin ka duba bayansa: layin haɗin mazubi, ƙananan ramuka ko kumburi a ƙarƙashin sheƙin duk alamun zubi ne. Ka aza shi a sikelin giram ka gwada da nauyin da aka rubuta a talla, domin zamak ya fi ƙarfe marar tsatsa sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin shida. Mai gaskiya yakan faɗi lambar ƙarfensa, 303 ko 316L, waɗanda ire-iren ƙarfe marar tsatsa ne. Kada ka dogara da maganaɗisu, don da zamak da tagulla da 316L duk ba ya kama su yadda za ka bambance.

Rezojin kyauta da ake haɗowa a kwalin su ma abin tuhuma ne, ko da an buga musu sunan Feather na Japan. Na jabu bugun rubutunsu yakan yi dishi-dishi, bakin yana fizgar gashi tun askin farko. Gwada gidan da rezar da ka saya a wurin da ka amince da shi, ta haka ne za ka san inda matsalar take.

Wani salon kuma shi ne "kyauta ne, kuɗin aikowa kawai za ka biya". A ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, ka amince a riƙa cire kuɗin reza daga katinka kowane wata. Karanta wurin kafin ka saka lamba. Ɗauki hoton tallar ka bincika shi a intanet, sau da yawa za ka same shi a shafin wani maƙeri daban, an sato. In babu adireshin mayar da kaya, ko an nace sai tiransifa zuwa asusun mutum, ka bar shi.

Wanda ya riga ya saya, ya ɗauki hoton rezar a ɗaure ta sama, da hoton nauyinta a sikeli, da hoton tallar kafin a goge ta. Ya rubuta neman a mayar masa da kuɗinsa cikin wa'adi, in an yi shiru ya kai ƙorafi bankin da ya ba shi katin, ya kuma nemi a tsayar da duk wani cire kuɗi na gaba.