Robar haƙori ta dare: ta kemis da wadda likita ta auna min

Maiɗakina ce ta fara gano abin. Wata asuba ina shirin fita masallaci ta ce, "Maigida, jiya ma ban runtsa ba. Haƙoranka sai ka ce ana niƙa a dutse." Ni ban san ina yi ba, don mai cizon haƙora cikin barci ba ya jin kansa. Abin da na sani kawai, na daɗe ina tashi da ciwon kai ta gefe biyu, muƙamuƙina a sage, in na kurɓi ruwan randa kuma zugi ya ratsa turamena. Inna ta ce tsutsar ciki ce, kamar yadda aka saba faɗa a kan yara. Na sha maganin tsutsa, ba abin da ya ragu.

A wani kemis da ke kusa da shagona a Sabon Gari na sayi robar farko, mai kama da wadda 'yan damben zamani ke sawa. Za ka tsoma ta a ruwan zafi kamar rabin minti, ta yi laushi, ka ciza, ka danna da yatsu da harshe, sannan ka jefa ta a ruwan sanyi ta sandare. Karon farko ta fito a karkace, sai da na sake.

Ba zan zalunce ta ba: ƙarar ta ragu, maiɗakina ta samu barci. Ni ne ban samu ba. Kaurinta ya hana leɓɓana haɗuwa, ga shi lokacin hunturu ne, kowa ya san iskar Zariya a Janairu. Sai na kwana ina shaƙar iska ta baki, in tashi maƙogwaro a bushe, leɓe a tsage, matashi kuma a jiƙe da yawu. Bakinta na sama ya goge min dasashi har ya yi miki, wurin da ko kunun safe ya taɓa sai na ji. Da yake ta yi tsawo ta baya, wani lokaci sai zuciyata ta tashi. Abin da ya fi damuna shi ne laushinta. Bakina ya ɗauke ta kamar cingam, ina ta tauna har gari ya waye, muƙamuƙin ya fi da gajiya. Sau da yawa a gefen matashi nake tsintar ta, ban san lokacin da na tofar ba. Cikin mako 3 na huda ta.

Daga nan na tafi asibitin haƙori. Likitan ta ba ni madubi ta nuna min fiƙoƙina, tsininsu ya tafi, sun zama kamar an goga da zarto. Ta ce, "Malam, farin ɓawon nan da ya rufe haƙori shi ne abu mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam, amma in ya cinye ba ya sake tsirowa." Wannan maganar ce ta sa na yarda da kuɗin da ta yanka na yi min roba daidai bakina, duk da ya ninka na kemis sau da yawa, kuma na ji shi a aljihu.

Awon shi ne wuri mai wuya. Ana kwaɓa wani gari da ake samu daga ciyawar teku, a cika wani ɗan faranti mai siffar baki, a danna maka a haƙora. Sanyi gare shi, yana kuma neman gangarawa maƙogwaro. Ta ce in sunkuyar da kai in yi numfashi ta hanci, minti 2 zuwa 3 ya daskare. A cikin wannan zanen ake zuba farar ƙasa a fitar da kwafin haƙoranka, a kansa kuma ake ƙera robar.

Bayan mako guda na koma. Da na ga robar na yi mamakin ƙanƙantarta: garau kamar gilashi, da tauri, kaurinta bai wuce milimita 2 ba. Likita ta ɗora min a haƙoran sama, na ji ta shige ƙas. Sai ta sa wata 'yar takarda shuɗiya ta ce in ciza, duk inda shuɗin ya yi yawa ta goge da injinta, har cizon ya daidaita hagu da dama. Wannan gyaran shi ne ba za ka taɓa samu a kwalin kemis ba.

Daren farko zuwa na uku ta matse min haƙoran gaba, na koma aka sassauta. Tun daga nan leɓɓana na rufuwa, ina iya karanta addu'ar kwanciya da ita a baki, ba ta taɓa faɗowa ba. Akwai ranar da sai da na zo kurkure baki wajen alwala na tuna tana nan.

Kada wani ya ɗauka magani ce. Har yanzu ina cizon, ga sawun turamena nan a jikinta, sai dai yanzu ita ke cinyewa. Likita ta ce damuwa na ƙara abin, haka taba, da duk abin da ke hana barci irin su goro da shayi da Nescafé. Goro ya fi ba ni wuya, don a bakin shago ba a rasa mai miƙo maka ɓari, amma na daina ci bayan la'asar. Ta kuma ce mai munshari da numfashinsa ke tsayawa cikin barci, da yaron da bai gama famfara ba, da mai haƙori yana girgiɗi, kada su sa kowace roba sai an duba su.

Da ruwan sanyi da buroshi mai laushi nake wanke ta, in bar ta ta bushe kafin in rufe a akwatinta mai ƙofofi. Ruwan zafi lanƙwasa ta yake, haka in ka manta ta a mota da zafin Afrilu. Wata 8 ke nan ina sa ta. Ciwon kan safe sai jefi-jefi, ruwan randa kuma ina sha ba tare da na rintse ido ba.