Sharhi kan Equilab: abin da ta koya mini game da hannun jira da kujerar zama a poka

Equilab manhaja ce ta kwamfuta da shafin PokerStrategy ya fitar, kyauta ake sauke ta, kuma a kan Windows take aiki. Aikinta guda ne: ka faɗa mata katunan da ke hannunka, da waɗanda kake zaton abokin karawarka na riƙe da su, da waɗanda aka riga aka buɗe a tebur, ita kuma ta gaya maka kashi nawa cikin ɗari kake da shi na cin wasan. Na daɗe ina amfani da ita wajen nazarin Texas Hold'em, nau'in wasan kati na poka da ake raba wa kowa kati biyu, sannan a buɗe biyar na kowa da kowa a tebur (uku tare, sai na huɗu, sai na biyar), musamman irin hannun da bai cika ba, wanda sai an buɗe wani kati zai zama wani abu. Mu da muke wasa tare hannun jira muke ce masa. Ina ganin ƙimar manhajar sosai, sai dai dole mutum ya san inda amsarta ta tsaya, don wanda ya ɗauki lambar da ta ba shi ya tafi tebur da ita ba tare da ya dubi kujerar da yake zaune ba, zai sha wuya.

Tun kafin a yi nisa, ni ba na sa kuɗi a wasan nan. Sa kuɗi caca ce, hukuncinta kuwa ba ɓoyayye ba ne a wurinmu. Da kwabban roba muke yi, in an tashi a mayar da su gwangwaninsu. Lissafin da karantar mutum su ne suka ja ni, kuma su ne abin da nake magana a kai.

In ka buɗe manhajar za ka ga layuka, kowanne da sunan kujera a gajarce: CO, BU, SB, BB da sauransu. BU ita ce kujerar mai rabo, wanda da zarar an buɗe kati uku na farko shi ne ke magana a ƙarshe har wasan ya ƙare. CO ita ce kujerar da ke damansa. SB da BB su ne mutum biyun da ke hagunsa, masu zubin dole, ƙarami da babba, kuma su ne ke fara magana a kowane zagaye bayan buɗe katin. A gaban kowane layi akwai wurin da za ka zaɓi kati biyu takamaimai, ko ka buɗe wani allo mai gida 13 a tsaye da 13 a kwance. Gidajen nan 169 su ne duk nau'o'in hannun da za a iya raba wa mutum daga kati 52. Ka shafa waɗanda kake ganin abokin karawarka zai iya shigowa da su, ko ka ja wata 'yar sanda ta zaɓar maka mafi kyawun kashi 15 ko 40 na hannuwan. Akwai kuma jerin da aka riga aka tsara na hannuwan da ake buɗe wasa da su daga kowace kujera. A nan mutum zai fara gani da idonsa cewa allon mai rabo ya fi na wanda ke fara magana cika nesa ba kusa ba.

Lambobin hannun jira sanannu ne, amma ganinsu na fitowa da kansu ya fi haddace su. In kana da kati huɗu masu zane ɗaya kana jiran na biyar ya cika maka fulash, kati 9 ne za su yi maka aiki cikin 47 da ba ka gani ba. Damar ka samu a kati na huɗu na tebur kashi 19 ce da ɗan ɗoriya, in kuma za a buɗe maka na huɗu da na biyar duka, kashi 35. Jerin lamba mai buɗe ta gefe biyu, kamar 9, 8, 7, 6, kati 8 yake jira, kashi 31.5 ke nan zuwa ƙarshe. Mai rami a tsakiya kati 4 kacal, kashi 16.5. In jiran fulash da jeri mai gefe biyu suka haɗu a hannu ɗaya, kati 15 ne, kashi 54, wato sau da yawa hannun da bai cika ba yakan fi cikakke dama.

Ga hannun da na fi zama a kansa. Ina riƙe da 9 da 8 masu zanen zuciya. An buɗe K na zuciya, 7 na zuciya, da baƙin 2. Na ba abokin karawa A da K, ba zuciya ko ɗaya. Manhajar ta ce ina da kusan kashi 40, domin ban da zuciyoyi taran nan akwai 'yan hanyoyin bayan gida, kamar 10 da 6 su zo a jere, ko 9 da 8 su faɗo su ba ni tagwaye biyu. Da na canja masa kati zuwa 7 biyu, ya zama yana da 7 uku, sai na sauko kashi 27, saboda ko zuciya ta zo, in wani kati a tebur ya maimaita kansa ya wuce ni. Wannan duka cikin ƙiftawar ido take fitar da shi, kuma daidai yake, na bi da alƙalami na gani.

To yanzu ɗauki wannan hannun ka sa shi a layin BU, ka lissafa, ka mayar da shi layin BB, ka sake lissafawa. Kashi 40 ɗin nan ba za ta motsa ba. Sunan kujera a manhajar lakabi ne kawai. Abin da take lissafawa shi ne in an buɗe sauran kati biyun ba tare da kowa ya ƙara ko kwabo ba, wa zai ci. A tebur kuwa ba haka ake yi ba, kowane kati sai ka saye shi, kuma farashinsa ya dogara da wanda ya fara magana.

A ce akwai kwabba 100 a tsakiya, ya zuba 50. Zan sa 50 don in ci jimillar 200, kashi 25 nake buƙata, ina da 40, sai in bi hankalina kwance. Aka buɗe kati na huɗu, baƙin 3, bai yi mini komai ba. Manhajar na da wani sashe da ke nuna yadda kowane kati mai zuwa zai ɗaga ka ko ya kayar da kai, kuma a nan za ka ga 40 ɗin ta koma 20 da ɗan wani abu, kati 9 cikin 44. Yanzu akwai 200 a tsakiya.

In ni ne mai rabo, shi zai fara magana. Mai K biyu da ya ga na bi shi, sau da yawa yakan ɗan ja baya, ya ƙwanƙwasa tebur ya wuce. Ni ma in ƙwanƙwasa, in ga kati na biyar ban biya komai ba. In kuwa na lura wucewar tasa ta tsoro ce, ba ta tarko ba, in zuba, ya yar da katinsa, in kwashe ba tare da zuciyar ta zo ba. Zaɓi biyun nan duk a hannuna suke domin na ji ta bakinsa kafin in buɗe nawa. Kamar ciniki ne a kasuwa: wanda ya bari ɗayan ya fara taya, ya riga ya san inda zai tsaya.

In kuma a BB nake, ni zan fara. Na wuce, ya ga rauni, ya zuba 150. Zan sa 150 don in ci 500, kashi 30 ake nema, ina da 20. Lissafi ya ce in yar, sai fa in ina da tabbacin cewa ranar da zuciya ta zo zan ƙara karɓar wani abu a hannunsa. Nawa? Kusan 233 a kan 500 ɗin da ke tsakiya kafin bin ya biya kansa. To ga inda kujerar ke sake cutar da kai: zuciya ta uku ta faɗo a tebur, kowa ya gan ta, kuma ni ne zan fara magana. In na zuba da yawa, mai hankali ya yar. In na wuce ina fatan ya zuba, ya wuce shi ma, a buɗe kati, in kwashe 500 ɗin ba ƙari. Sau ɗaya cikin biyar nake cikawa, kuma a wannan ɗayan ma ba lallai a biya ni ba. Mai rabo ba ya cikin wannan halin, don in ɗayan ya zuba sai ya ɗaga masa, in ya wuce sai ya zaɓi adadin da yake ganin za a iya haɗiyewa.

Saboda haka na sauya yadda nake buga hannun jira daga kujerun farko. Raunanan, irin mai rami a tsakiya ba wani abu a gefe, ina sakinsu da wuri ba tare da jayayya ba. Masu ƙarfin, irin na kati 12 ko 15, ba na zama ina bi ana jan ni zagaye bayan zagaye. Ina wucewa, in ya zuba in ɗaga masa. Ko dai ya yar nan take, ko kwabbanmu su shiga tsakiya gaba ɗaya a buɗe kati biyun, wanda shi ne kaɗai yanayin da lambar manhajar ke zama gaskiya ɗari bisa ɗari. Masu matsakaicin ƙarfi su ne ciwon kai, kuma gaskiya a kansu Equilab ba za ta yanke maka hukunci ba. Abin da za ta iya shi ne ta nuna maka yadda hannuwan da ka shafa wa abokin karawa suka haɗu da katin tebur: kashi nawa ne suka samu K biyu ko fiye, kashi nawa ne ba su samu komai ba. In rabin allonsa iska ce, ɗagawarka na da ma'ana. In mutum ne da ba ya shigowa sai da manyan kati kuma K na tebur, ka san bango za ka tura.

Wani abin da ta buɗe mini ido a kai shi ne wasan mutum uku ko huɗu. Jama'a na cewa hannun jira ya fi daɗi in mutane sun yi yawa domin abin da ke tsakiya ya fi tsoka. Haka ne, amma ka gwada sa wa mutum na uku A da Q na zuciya a wancan misalin ka ga yadda 9 da 8 ɗinka ke rushewa. Zuciyar da kake addu'ar ta zo ita ce za ta kwashe maka komai. Kuma in kana tsakiya, wani ya zuba a damanka, wani na jira a hagunka, ba ka ma san farashin katin ba tukuna, don kana iya sa 50 na bayanka ya mayar da shi 200. Mai rabo ne kaɗai ke bi yana da yaƙinin abin da ya gani a gabansa, in dai waɗanda suka riga shi sun gama magana. Wannan ya sa hannuwa irin 9 da 8 masu zane ɗaya nake shiga da su a sake daga BU da CO, amma daga kujerar farko a cikakken tebur sai in yi ta tauna. Kati biyu masu zane ɗaya ma kusan kashi 11 ne kawai suke samun jiran fulash a buɗewar farko, sauran lokutan ka shigo ne ka zauna ba komai a hannu, kuma ba komai a hannu daga kujerar farko ya fi muni.

Sashen horaswa na manhajar ya cancanci a ambace shi. Takan ba ka hannu da katin tebur ta ce ka ƙiyasta kason ka, sannan ta nuna maka amsar. Da shi na gane inda dabarar nan ta ninka katin jira da 4 ko da 2 ke aiki da inda take zamewa: 9 sau 4 ya ba da 36, kusa da 35, amma 15 sau 4 ya ba da 60 alhali 54 ne. Kuma ninkawa da 4 ba ta halatta gare ka ba sai in ba za a sake neman ka da wani zubi ba. Wanda ke kujerar farko da kwabba da yawa a gabansa, da 2 ya kamata ya ninka.

Na gwada wasu manhajojin waya na wasa da kwabban banza don in aiwatar da abin da na koya, ban ji daɗinsu ba. Ɗaya daga cikinsu ba ta barin ka ka huta da saƙon ka sayi kwabba da kuɗin gaske, abin da nake gudu tun farko ke nan, ga shi 'yan wasan ciki ba sa yar da kati ko me ka zuba, don haka rabin darasin kujera, wato sa mutum ya saki hannunsa, ba ya gwaduwa a can. Na goge ta. Zama da abokai masu ɗaukar wasan da muhimmanci ya fi mini.

Masu son a lissafa musu har da tsarin zubi da tasirin kujera, akwai manhajoji irin PioSolver da GTO Wizard da aka gina don haka, amma mafi yawan aikinsu sai an biya, kuma wanda bai iya lissafin farashin kati da kansa ba zai ga launuka ne kawai a allo. Equilab ta fi dacewa da mai farawa da mai matsakaicin sani. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukar ta, kuma lissafin ba ya cin data. Da Turanci na yi amfani da ita, amma kalmomin ba su da yawa, galibi lambobi ne da haruffan kati. Wanda waya kaɗai gare shi sai ya nemi aron kwamfuta. In ka samu, ka ajiye takarda a gefe, duk hannun jiran da ka shigar ka rubuta kasonsa sau biyu, na kati ɗaya da na kati biyu, sannan ka rubuta kujerar da kake zaune a lokacin da wanda ya fara magana.