Zaman Tuntuɓa Kan Rigakafi a Wani Asibitin Yara: Abin da Muka Tarar

Ɗanmu na fari yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, kuma mun fara lura da alamominta ne 'yan makonni bayan an yi masa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, wato MMR. Da lokacin allurar ƙanwarsa ya gabato sai kanmu ya rabu, mai ɗakina tana ganin a dakata, ni kuma ina ganin a yi, alhali ni ma zuciyata ba a kwance take ba. Wannan ne ya kai mu ga zaman tuntuɓa da wani asibitin yara ke shirya wa iyaye, inda ake keɓe lokaci domin tambayoyi kawai, ba tare da an ɗauko allura ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitar ba ta fara da wa'azi ba. Ta bari mai ɗakina ta ba da labarin yadda yaron ya daina waiwayowa idan an kira sunansa, sannan ta bayyana cewa a ƙasashe da dama ana yin wannan allura ne tsakanin wata 12 da 15, daidai lokacin da alamomin galahanga suka saba fitowa fili ko an yi wa yaro allura ko ba a yi ba, don haka haɗuwar abubuwan biyu ba ta nuna cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Ta kuma faɗa mana asalin zargin cewa allurar na haddasa galahanga, wato rahoton da Andrew Wakefield ya wallafa a mujallar The Lancet a 1998 bisa yara 12 kacal, wanda mujallar ta janye a 2010, shekarar da hukumar likitocin Birtaniya ta soke sunansa daga rajistarta.

Mai ɗakina ba ta gamsu nan take ba, sai ta ce, "Likita, ai wannan maganar sauran yara ce, ni kuwa ina magana ne a kan 'yar da yayanta ke da lalurar." A nan ne na ga amfanin zaman, domin likitar ba ta kauce wa tambayar ba. Ta amince cewa ƙanen mai galahanga ya fi sauran yara yiwuwar samun lalurar saboda gado na taka rawa babba a cikinta, amma ta kawo binciken da aka wallafa a 2019 a kan yara fiye da 650,000 na ƙasar Denmak, wanda bai gano wani ƙarin haɗari daga allurar ba, har a tsakanin waɗanda ke da 'yan'uwa masu lalurar. Da muka tambaya game da sinadarin timerosal, mai hana allurar rigakafi lalacewa, da ake yawan ambata, amsarta gajera ce: allurar MMR ba ta taɓa ƙunsarsa ba.

Ba ta ɓoye illolin da ke akwai ba, kuma a ganina wannan ne ya sa maganarta ta shiga. Ta ce zazzaɓi na iya zuwa bayan kwana 7 zuwa 12, kuma kusan yaro ɗaya cikin 3,000 zuwa 4,000 na iya yin jijjiga saboda zafin jikin, abin da ke firgita iyaye matuƙa amma galibi yakan wuce ba tare da lahani ba. Sannan ta ajiye wannan kusa da ƙyanda kanta, wadda ƙwayarta ke iya zama a iskar ɗaki har awa biyu, ta kama mutum tara cikin goma da ba su da kariya.

Inda asibitin ya gaza shi ne wurin jira. Abin mamaki ne a ce wurin da ke gayyatar iyayen masu galahanga yana da talabijin mai ƙara da fitilu masu kashe ido, ga jinkirin da ya wuce rabin awa, har ɗanmu ya toshe kunnuwansa ya kwanta a ƙasa. Haka kuma ba a ba mu bayanin a rubuce ba, sai abin da na samu na rubuta a wayata, kuma da shi muka ci gaba da muhawara a gida na tsawon kwana huɗu kafin mai ɗakina da kanta ta kira ta nemi ranar allura. Mun roƙi a sa mu a sahun farko da safe, aka amince, kuma a wannan karon mun bar yayan a gida.