Tsiron waken suya a Kumasi: kayan sun yi kyau, takardar ce ta wuce gona da iri

Wata ƙaramar masana'anta a Kumasi ta fara kai wa mutane tsiron waken suya har gida a unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba. Ana yin oda ta WhatsApp, a biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sannan ɗan okada ya kawo shi a ƙulle cikin farar leda mai ɗauke da takarda. Waken kansa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin daga gonakin Yendi da Savelugu ake lodo shi zuwa kudu, kuma da shi ake yin awara da madara, har ma da daddawa a arewacin Ghana. Tsirarren ne ba mu saba gani a tukunya ba, alhali a ƙasar Koriya miyarsa abincin yau da kullum ce.

Game da kayan, ba ni da ƙorafi mai yawa. Tsiron fari ne tas, tsawonsa kamar ɗan yatsa, kan waken kuma rawaya ne, wanda ke nuna cewa a cikin duhu aka rene shi yadda ya kamata, domin idan haske ya same shi sai ya koma kore ya yi tauri. Ba ya yauƙi, ba ya tsami, an kuma wanke yawancin ɓawon. Ɗanyensa yana da ƙarnin nan na waken suya, amma idan aka tafasa shi aka soya da albasa da ɗan shito, ƙarnin yana gushewa, a sami ɗanɗano mai kama da na gyaɗa. Ya dace da miyar kontomire da gefen waakye. A miyar ayoyo kuwa bai yi mini ba, saboda garas-garas ɗinsa yana faɗa da santsin miyar.

Amfanin tsirar da wake abu ne da masana suka tabbatar. Idan aka jiƙa ƙwayar ta fara tsiro, tana narkar da wani ɓangare na sinadarin fayitet, wanda shi ne ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su, kuma tana cinye nau'o'in sukarin da cikinmu ba ya iya narkarwa, waɗanda su ne ke jawo kumburin ciki da iska bayan cin wake. A lokaci guda bitamin C yana ƙaruwa, shi kuma yana taimaka wa jiki wajen ɗaukar ƙarfen da ke cikin tsirrai. Bisa alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na ɗanyen tsiron waken suya yana ɗauke da furotin giram 13, da kalori 122, da bitamin C miligiram 15, da ƙarfe miligiram 2, da folet maikirogiram 172, wanda mata masu juna biyu ke matuƙar buƙata. Wannan furotin ya yi daidai da na ƙwai mai nauyi ɗaya, kuma ya ninka na siririn tsiron koren wake da ake sa wa a gidajen abincin 'yan Sin wajen sau huɗu.

To sai dai takardar da ke jikin ledar ta ce tsiron ya fi waken asali furotin, kuma wannan ba haka yake ba idan aka auna nauyi da nauyi. Busasshen waken suya yana da furotin wajen giram 36 a cikin 100, tsiron kuwa kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Mai neman furotin mai araha don ciyar da iyali, ya sayi mudun wake a kasuwar Kejetia ya yi awara, kuɗinsa zai fi yi masa auki. Abin da ake saye a cikin wannan leda shi ne sauƙin narkewa da ƙarin bitamin.

Takardar ta kuma jera ciwon sukari da hawan jini da sankara a matsayin cututtukan da tsiron ke magani. Gaskiya ne abinci ne mai ƙarancin sitaci da gishiri, don haka ya dace da farantin mai ciwon sukari, amma dacewa daban, warkarwa daban. Ko batun zuciya ma, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda a 1999 ta amince a rubuta cewa giram 25 na furotin ɗin waken suya a rana yana iya rage haɗarin ciwon zuciya, ita da kanta ta gabatar da shawarar janye wannan izini a 2017 saboda binciken da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya ba. Idan hukuma ta ja baya a kan ƙaramin iƙirari irin wannan, ban ga hujjar da mai sana'a zai yi alƙawarin maganin sankara ba.

Babban abin da ya dame ni shi ne abin da takardar ba ta faɗa ba: babu inda aka rubuta cewa dole a dafa. Ɗumi da laimar da tsiro ke so su ne kuma ƙwayoyin cuta ke so, kuma a 2011 ɗanyen tsiron hulba ya haddasa annobar ƙwayar cutar E. coli a Jamus, wadda ta kashe mutane fiye da 50. Ban da haka, ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana narkewar furotin, wanda tsirowa kaɗai ba ta kawar da shi sai an haɗa da wuta. Wajibi ne a tafasa shi sosai kafin a ci, musamman idan yara ko tsofaffi ko masu ciki za su ci. Wanda jikinsa ba ya karɓar waken suya ya guje shi, mai shan maganin maƙoƙo kuma ya tuntuɓi likitansa.

Ledar ba ta da ranar da aka tsige tsiron, ban kuma ga lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana ba. Wannan kaya ne da ba ya wuce 'yan kwanaki ko a cikin firji, ga shi a kan babur yake tafiya cikin zafin rana, ga kuma ɗauke wuta. Zan ci gaba da saye, amma ƙaramar leda, da safe, a kuma dafa ta a ranar. Idan masu shi suka goge jerin cututtukan nan suka sa kwanan wata da umarnin dafawa a gurbinsu, zan iya ba maƙwabta shawarar su gwada.