Shagon Kofi a Galway: Na Ɗan Gari ko Na Kamfani?

Baƙon da ya sauka a Galway, ƙaramin birnin da ke gaɓar yammacin Ayalan inda kogin Corrib yake faɗawa cikin teku, ba zai daɗe ba ruwan sama zai kora shi neman mafaka da kofi mai zafi. Shagunan manyan kamfanoni irin su Costa da Starbucks suna da fa'idarsu: wurin zama wadatacce, intanet kyauta, da ɗanɗanon da mutum ya riga ya sani tun kafin ya kurɓa.

Amma ni dai raina ya fi kwanciya da ƙananan shagunan 'yan gari da ke lungunan kusa da titin Quay da cocin St Nicholas, inda kasuwa take ci ranar Asabar. Teburansu kaɗan ne, tagoginsu sun yi gumi saboda tururi, kuma sau da yawa mai shagon ne da kansa yake niƙa 'ya'yan kofin, ya gaya maka ko daga Habasha aka kawo su ko daga Kolombiya, sannan ya miƙo maka gurasar da aka gasa da safiyar nan, da man shanu a gefe. Aibinsu ɗaya: da yawansu suna rufewa tun da yamma.