Sharhi a kan katin karatun "Shura da Mubaya'a": darussa 14 kan yadda Sahabbai suka zaɓi shugabanni

Na sayi wannan katin memori ne a wani shagon masu tura karatu da wa'azi a waya da ke kusa da masallacin Juma'ar unguwarmu, bayan wata gardama da ta ɓarke a majalisarmu ana gab da zaɓe, inda wani ya dage cewa kaɗa ƙuri'a bidi'a ce, wani kuma ya rantse cewa ita ce mubaya'a sak. Katin yana ɗauke da darussa 14 da aka naɗa a zauren wani malami, kowanne yana kusa da awa guda, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Na saurare su duka, wasu har sau biyu. Tun da ina da ƙorafi a kan aikin mai shagon, ba zan kama sunan kowa ba.

Darasin farko kaɗai ya biya ni kuɗina. Malamin ya fara da kalmar ƙuri'a kanta, ya nuna cewa a Larabci ma'anarta ita ce abin da ake jefawa domin raba gardama tsakanin mutanen da haƙƙinsu ya zo ɗaya, kamar alƙaluman da aka jefa a kan wanda zai reni Nana Maryam a aya ta 44 cikin Suratu Ali Imrana, ko yadda Annabi (SAW) yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Mu Hausawa mun ɗauki kalmar mun liƙa wa takardar zaɓe, alhali abin da mai zaɓe yake yi ya fi kusa da shaida da bayyana ra'ayi fiye da jefa alƙalami. Rabin gardamar majalisarmu, ashe, a kan wannan ruɗanin kalma aka yi ta.

Darussa uku cur ya ware wa Saƙifar Bani Sa'ida, wato rumfar taron wata ƙabilar Ansaru a Madina, kuma a nan ne ƙarfin katin yake. Bai shafa wa labarin mai ba. Ya kawo yadda Ansaru suka taru a shekara ta 11 bayan hijira, wato 632, tun ba a binne Annabi ba, suna nufin naɗa Sa'adu bin Ubada, da yadda Abubakar da Umar da Abu Ubaida suka isa wurin, da yadda Hubabu bin Munzir ya kawo shawarar a yi shugaba ɗaya daga Ansaru ɗaya daga Muhajirai, da yadda muryoyi suka ɗaga kafin Umar ya kama hannun Abubakar ya yi masa mubaya'a. Sannan ya tsaya a kan abin da masu wa'azi da yawa suke tsallakewa, wato mubaya'ar jama'a da aka yi washegari a masallaci, da huɗubar da Abubakar ya ce an ɗora shi a kansu alhali ba shi ne mafificinsu ba, idan ya kyautata su taimake shi, idan ya karkace su daidaita shi. Ya kuma karanto maganar Umar da ke cikin Bukhari, wadda ya faɗa a ƙarshen rayuwarsa, cewa mubaya'ar Abubakar ta zo ne bagatatan amma Allah ya kare sharrinta, kuma duk wanda ya yi wa wani mubaya'a ba tare da shawarar Musulmi ba, kada a bi shi. Har jinkirin mubaya'ar Aliyu na wata shida, kamar yadda ruwayar Bukhari ta kawo, malamin ya ambata cikin ladabi, bai ɓoye ba kuma bai mai da shi abin zagin kowa ba.

Naɗin Umar a shekara ta 13 ya samu darasi ɗaya, wanda ya wadatar: Abubakar yana jinya ya tuntuɓi manyan Sahabbai irin su Abdurrahman bin Aufu, Usman ya rubuta wasiyyar, Ɗalha ya nuna damuwa a kan zafin Umar, daga baya jama'a suka amince.

Wanda na fi maimaitawa shi ne darasin mutum shida na shekara ta 23. Bayan Abu Lu'ulu'a ya soki Umar, sai Umar ya bar al'amarin a hannun Usman da Aliyu da Ɗalha da Zubairu da Sa'adu bin Abi Waƙƙas da Abdurrahman bin Aufu, ya ba su kwana uku, ya ce ɗansa Abdullahi ya halarta amma ba shi da rabo a mulkin, Suhaibu kuma ya riƙa jan salla kafin a gama. Zubairu ya janye wa Aliyu, Ɗalha ya janye wa Usman, Sa'adu ya janye wa Abdurrahman, shi kuma Abdurrahman ya cire kansa daga takara domin ya zama mai tantancewa, ya shafe dararen nan kusan ba barci yana jin ta bakin mutanen Madina, har Ibn Kasir ya ambaci cewa ya nemi ra'ayin mata a cikin gidajensu. Wani ɗalibi ya yi wuf ya ce ai wannan zaɓe ne irin namu. Amsar malamin ta burge ni, domin ya ce akwai kama ta wajen neman yardar jama'a, amma ba a ƙirga kawuna ba, ba a tambayi mutanen Sham da Masar ba, kuma mutum ɗaya ne ya auna abin da ya ji ya yanke hukunci. Abin da malamin ya fitar shi ne halifofi huɗu sun hau ta hanyoyi huɗu mabambanta, saboda haka Shari'a ta wajabta shawara da amana da yardar jama'a, kamar yadda aya ta 38 a Suratus Shura da ta 58 a Suratun Nisa'i suka nuna, amma ba ta ƙayyade siffa guda ba.

Inda katin ya gaza shi ne daga nan zuwa gaba. Mubaya'ar Aliyu a shekara ta 35, da saukar Hasan a ta 41, da karɓar mubaya'ar da Mu'awiya ya yi wa ɗansa Yazidu tun yana raye, duk an cusa su cikin darasi guda ana gudu kamar mai tsoron ruwa zai kama shi a hanya. Na fahimci dalilin kame baki a kan abin da ya gudana tsakanin Sahabbai, sai dai karatun da aka yi domin bayyana yadda ake zaɓen shugaba bai kamata ya wuce lokacin da shura ta koma gado da jimla biyu ba, musamman da yake Husaini da Ibn Zubairu da Abdurrahman bin Abubakar sun ƙi wannan tsari a fili. Haka kuma da ya zo kan hadisin Abdurrahman bin Samura da ya hana neman shugabanci, ya haɗa shi da roƙon Annabi Yusuf na a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, amma bai warware yadda ɗan takarar da ke liƙa hotonsa a bango zai tsaya tsakanin nassoshin biyu ba. Darasin da ya yi a kan Mawardi, malamin fiƙihun da ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya fi kyau, domin ya jero sharuɗɗa uku na masu zaɓe, wato adalci da ilimi da basira, tare da saɓanin malamai a kan adadin da mubaya'a ke ƙulluwa da shi, daga masu cewa biyar zuwa masu cewa ɗaya. Na so a ce ya ƙara da mubaya'ar da jama'a suka yi wa Shehu Usmanu a Gudu a 1804, tun da ita ce misalin da masu sauraronsa suka gada.

Sauran laifin na mai shago ne. Darasi na 9 da na 10 an juya lambobinsu, har na ji an naɗa Usman kafin a soki Umar. A darussa biyu ƙarar janareta ta danne muryar malamin, tambayoyin ɗalibai kuma kusan ba a jin su sai an tsinci ma'anarsu daga amsa. Da na koma na yi magana, ya gyara mini jerin ba tare da ya karɓi ko sisi ba, amma ya ce sautin haka ya same shi.

Wanda ya taɓa karanta sira zai fi cin moriyar katin, domin malamin yana ambaton sunaye da ƙabilu ba tare da dogon gabatarwa ba. Mai saye ya sa a kunna masa darasi na 9 da na 10 a shagon kafin ya biya, kuma ya tanadi abin sawa a kunne.